Wankin Kujerun Kushin: Tsabtar Gida da Hanyar Abinci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu ba ta barin kowane falo a Yamai, Maraɗi ko Damagaram. Tana shigewa cikin soson kujera, ta zame wa yara da masu asma sanadin tari.

Mu fara da kakkaɓe ƙura da buroshi tun kujera tana bushe, domin ruwa a kan ƙura taɓo ne. Sa'an nan mu gwada kumfar sabulu a wani ɓoyayyen gefe, mu ga ko yadin zai zuba. Tabo kuwa dannawa ake yi da farin tsumma, ba gurzawa ba. Kada ruwa ya ratsa soso, don yakan jawo fumfuna da wari. A shanya a inuwa mai iska, gama rana tana kashe launi.

Hattara da abu biyu. Haɗa ruwan jabel da binegar yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Fetur kuma, tururinsa kaɗai kan kama wuta.

Ga matasanmu masu jiran aikin biro, wannan sana'a ce mai ƙaramin jari: bokiti, buroshi, sabulu, tsummoki da safar hannu. Kasuwarta takan buɗe gab da salla da lokacin bukukuwan aure. A yanke farashi kafin a taɓa ruwa, a nuna wa uwargida tsohon tabon da ba zai fita ba. Kuɗin da aka tsinta a lungun kujera na masu gida ne. Wanda aka amince wa a gida ɗaya, maƙwabta ne za su neme shi.