MURJANI A CIKIN ƊAKI: KIWON DABBAR DA BA TA JURE CANJI

Duk wanda ya taɓa ganin kayan ɗakin amarya irin na da a Damagaram ko Tawa ya san murjani, jan dutsen wuyan nan mai nauyi da sanyi a hannu, wanda uwa kan ɓoye a ƙasan adudu har ranar da za ta aurar da ɗiyarta. Ayarin raƙuma ne suka riƙa kawo shi daga Tarabulus, su ratso Gadamas da Gat da Agadas kafin su sauke shi a kasuwannin ƙasar Hausa. Sunansa ya zo cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratur Rahman, tare da lu'ulu'u. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu saye da sayar da shi suka san cewa abin da suke riƙe da shi ƙashin wata dabbar teku ne. A Jamus da Faransa da Amurka da Japan kuwa, akwai mutane masu yawa da suke kiwon dangin wannan dabba da ranta a cikin gidajensu, cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, wanda ake kira akwariyom. Kiwo ne mai cin kuɗi da cin lokaci, kuma gaba ɗayansa ya rataya bisa abu guda, wato hana ruwa canzawa.

Dabba ce mai noma a jikinta

Masanan Turai sun daɗe suna ɗaukar murjani a matsayin tsiro. Wani likita ɗan birnin Marsai mai suna Jean-André Peyssonnel ne, a cikin shekarun 1720, ya bi masu haƙo shi cikin teku, ya lura da cewa abin da ake ce wa furanninsa suna motsi, suna kuma shigewa ciki idan an taɓa su. Ya rubuta cewa dabbobi ne. Manyan masanan Paris ba su gaskata shi ba da farko, sai daga baya aka tabbatar da maganarsa.

Kowace ɗaya daga waɗannan ƴan halittu kamar ƙaramar jaka take, mai baki guda, kewaye da ƴan hannuwa. Dubbai ne suke zama manne da juna, suna tsotsar sinadarin kalsiyom daga ruwa suna gina wa kansu ƙashi irin na alli. Jan murjani na ado a tekun Bahar Rum yake fitowa, a wurare masu duhu, kuma kaurin reshensa ba ya ƙaruwa da ko milimetir 1 a shekara. Garin Torre del Greco da ke kusa da Napoli a Italiya ya yi suna wajen sassaƙa shi. Wanda ake kiwo a gida kuwa ɗan'uwansa ne na ruwa mai ɗumi marar zurfi, shi ne ke gina tsaunuka a ƙarƙashin teku. Alhazan da suka yi tafiyar ƙasa a zamanin da sun ga aikinsa ko da ba su sani ba, don gidajen Sawakin, inda suke shiga jirgin ruwa su tsallake Bahar Maliya, da na tsohon garin Jidda, da dutsen murjani aka gina su.

Asirin wannan iri yana cikin naman jikinsa. Akwai wata gansakuka ƙanƙanuwa, wadda ido ba ya gani, da ke zaune a ciki. Ita ke karɓar hasken rana ta haɗa abinci kamar yadda ganye ke yi, ta ba murjani mafi yawan abin da yake rayuwa da shi, wani lokaci har kashi 90 bisa 100. Shi kuma ya ba ta masauki da taki. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne sosai. Idan zafi ya yi yawa, zaman ya lalace, murjani ya kori baƙuwarsa, launinsa ya gushe ya koma fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta fara cinsa, in kuwa hali bai gyaru ba cikin ƴan makonni, sai mutuwa.

Waɗanda suka share hanya

Shekaru da dama ana ganin ba zai yiwu a raya murjani mai ƙashi a wajen teku ba. A cikin shekarun 1960, Lee Chin Eng, wani mazaunin Jakarta a Indunusiya, ya nuna cewa idan aka sa duwatsun teku da ƴan halittun da ke jikinsu cikin akwati, su da kansu za su tsabtace ruwan. Daga baya Peter Wilkens, wanda ya yi rubuce-rubuce cikin Jamusanci, ya yaɗa dabarar ɗiga ruwan farar ƙasa, irin ta shafen bango, don mayar wa ruwa kalsiyom ɗin da murjani ya shanye. A shekarun 1980 wani mutumin Berlin, Dietrich Stüber, ya raini irin nan mai rassa da ake kira Acropora har ya cika masa akwati, ya riƙa karya rassan yana rabawa, suka bazu zuwa ƙasashe da dama da sunansa. A ƙarshen shekarun nan kuma Farfesa Jean Jaubert ya kafa babban akwatin murjani mai rai a gidan nazarin teku na Monako. Dabarun waɗannan mutane su ne harsashin abin da ake yi har yau.

Ruwa shi ne jari

Masu wannan sha'ani kan ce ruwa suke kiwo, murjani kuwa bin sa yake yi. Ba a ɗibar ruwan panpo a zuba, don maganin kulor da sauran abubuwan da ke cikinsa guba ne ga dabbar. Sai an tace shi da wata na'ura mai tankaɗe ruwa har ya zama babu komai cikinsa, sannan a narka gishiri na musamman da masana'antu ke haɗawa, mai ɗauke da dukan sinadaran ruwan teku. Gishirin miya, ko na Bilma ne, ba ya yin wannan aiki. Awon da ake nema shi ne wajen garam 35 cikin kowane litir, daidai da na teku.

A nan ne sabon shiga kan yi kuskuren farko. Kullum ruwa yana ƙafewa, amma gishiri ba ya tashi tare da tururi, yana nan a cikin akwati. Wanda ya cike giɓin da ruwan gishiri ya ƙara wa ruwansa ɗaci ke nan, kwana da kwanaki har ya kashe abin da yake kiwo. Da tataccen ruwa zalla ake cikewa.

Bayan gishiri sai sinadaran gini. Ana riƙe kalsiyom tsakanin miligaram 400 da 450 a litir, magneziyom wajen 1300. Akwai kuma abin da ake kira ƙarfin ruwa, wato yawan kabonat ɗin da ke hana shi yin tsami, wanda ake so ya tsaya tsakanin 7 da 11 a ma'aunin Jamusawa. Murjani yana cin waɗannan kullum yayin da yake gini, saboda haka sai an auna kowane mako an mayar da abin da ya ragu. Gogaggun masu kiwo sun yarda da cewa lambar da ta ɗan kauce amma ta tsaya wuri guda ta fi lambar da ke daidai yau, gobe ta yi sama, jibi ta yi ƙasa. Jan ƙarfe kuwa, ko kaɗan ne, yana kashe murjani, don haka ba a haɗa akwatin da bututunsa, ba a kuma zuba maganin kifi mai ɗauke da shi.

Sai ƙazanta. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, wadda guba ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin ramukan duwatsu su ke juya ta zuwa nitirit, sannan zuwa nitirat mai sauƙin illa. Wata na'ura mai kumfa tana kwashe datti tun kafin ya ruɓe, ta tara shi cikin ƙoƙo a zubar. Duk da haka akan canza wajen kashi 10 bisa 100 na ruwan kowane mako ɗaya ko biyu. Idan aka ga koren gansakuka ya fara rufe duwatsu, to ruwa ba ya tsami banza: ko abinci ya yi yawa, ko kifaye sun yi yawa.

Haske, motsi da zafi

Tun da gansakukar cikin jiki ce ke ciyar da shi, murjani na buƙatar haske mai ƙarfi na awa 8 zuwa 12 a yini, mai rinjayen shuɗi kamar na ƙarƙashin teku. A da manyan ƙwayaye masu zafi da shan kuran ake ratayawa. Yanzu fitilun LED sun maye gurbinsu a yawancin gidaje. Sabon murjani ba a jefa shi ƙarƙashin fitila kai tsaye, a ƙasa ake ajiye shi, a riƙa ɗaga shi sannu a hankali, in ba haka ba hasken ya ƙone shi.

Dabba ce da ba ta tafiya, don haka ruwa ne ke kawo mata abinci da iska, shi ne kuma ke wanke mata datti. Ana sa ƙananan injuna masu kaɗa ruwa dare da rana, suna kwaikwayon igiyar teku.

Zafin ruwa kuwa tsakanin digiri 24 da 27 ake riƙe shi. A Turai dumama ruwan ake yi. A gari irin Yamai ko Maraɗi, inda bazara kan haura digiri 40, sai an nemi injin sanyaya ruwa, da batir ko gurup na ko-ta-kwana, domin idan kuran ya ɗauke injuna suka tsaya, iskar da ke cikin ruwa kan ƙare cikin ƴan awoyi, wahalar shekaru ta tafi a dare ɗaya.

Gaggawa ba ta da rabo a nan

Sabon akwati ba a sa masa murjani. Sai an bar ruwa da duwatsu su yi mako 4 zuwa 6 har bakteriya su kafu, sannan a fara da iri masu taushi marasa ƙashi, waɗanda suka fi jure kuskure. Masu rassa irin na Stüber sai akwati ya yi watanni da yawa ya natsu. Ana kuma barin tazara tsakaninsu, don maƙwabtaka ba ta hana su faɗa: wasu kan miƙa dogayen hannuwa masu harbi da dare su ƙone na kusa da su, wasu su saki guba cikin ruwa. Kowane baƙo sai an tsoma shi cikin magani an keɓe shi, kada ya shigo da tsutsotsi masu cin naman murjani.

Shi ma mai kiwon yana da abin tsoro. Wani iri mai kama da ƴan furanni, Palythoa, yana ɗauke da guba mai tsananin ƙarfi. An sha kwantar da mutane a asibiti a Turai da Amurka saboda sun goge dutsen da yake kai ko sun zuba masa tafasasshen ruwa, suka shaƙi tururin. Safar hannu da tabarau wajibi ne.

Ciniki da doka

Inda sha'awa take, nan ciniki yake. Indunusiya da Ostiraliya suna cikin manyan masu fitar da murjani mai rai, ana ɗaure shi cikin leda da ruwa a sa a jirgin sama. Duk murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973, saboda haka ba ya tsallake iyaka sai da takardar izini, wanda aka kama ba shi da ita kuwa duwan ta ƙwace kayan. A 2018 Indunusiya ta dakatar da fitar da shi, ba ta sake buɗewa ba sai a 2020, ga wanda aka noma. Noman kuwa mai sauƙin fahimta ne ga duk wanda ya san dashen rogo: a karya ɗan reshe, a manna shi bisa ɗan dutse, ya kama ya girma. Reshen Acropora mai lafiya kan iya ƙara santimetir 10 a shekara. Da yawan abin da ke yawo tsakanin masu kiwo a yau bai taɓa ganin teku ba.

Abin da akwati ke faɗa game da teku

Tsaunukan murjani ba su kai kashi 1 bisa 100 na ƙasan teku ba, amma wajen kashi ɗaya bisa huɗu na ire-iren halittun teku suna dogara da su, haka ma miliyoyin masunta. Abin da ke kashe murjani a ɗaki shi ne ke kashe shi a can. Idan ruwa ya ɗara zafin da aka saba da digiri 1 kacal na tsawon makonni, sai ya fara fari. Hakan ya faru a faɗin duniya a 1998, da 2010, da kuma daga 2014 zuwa 2017, kuma a watan Afrilu na 2024 hukumar kula da teku ta Amurka ta ba da sanarwar karo na huɗu. Wani rahoton masana na 2021 ya nuna cewa duniya ta yi asarar kashi 14 bisa 100 na murjaninta tsakanin 2009 da 2018.

Shi ya sa abin da ya fara a matsayin sha'awar masu hali ya zama wani rumbun iri. A 2013 Jamie Craggs, a gidan tarihi na Horniman da ke Landan, ya sa murjani ya saki ƙwai cikin akwati ta hanyar kwaikwayon zafin damina da rani da hasken wata. Lokacin da wata cuta ta ɓulla a gaɓar Florida a 2014 tana cinye murjani, an kwaso masu lafiya an rarraba su cikin akwatuna a sassan Amurka, ana jiran ranar da za a mayar da zuriyarsu.

Amma rumbu ba ya zama gona. Mai akwati, idan ruwansa ya yi zafi, yana da injin da zai kunna. Teku ba ta da shi. Mutanen Sahel, waɗanda suka ga yadda ɗan canjin damina ke mayar da gona fako, ba su buƙatar a yi musu dogon bayani a kan haka.