Buɗaɗɗiyar Marsandi: A fim ta burge, a kan titi fa?

Duk mai kallon finafinai ya san wannan sin ɗin: jarumi ya zo cikin wata zungureriyar mota, ya danna maɓalli, rufin ya naɗe kansa ya shige but, iska na kaɗa gyalen jaruma, sai kiɗa ya tashi. Daga gidajen kallo na Fagge har zuwa na Babban Mutum da ke ƙaramar hukumar Ɓaure a masarautar Daura, da wuya a nuna irin wannan wuri ba a ji samari sun yi shewa ba. To amma abin tambaya, shin motar da ta burge a cikin minti biyar na waƙa za ta iya zama motar hawan mutum ta kullum a ƙasar da rana ke tafasa ƙwaƙwalwa a watan Afrilu, ƙura kuma ta rufe gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu? Tambayar ta shafi furodusan da ke neman motar lokeshan, ta shafi jarumin da ya fara jin ƙamshin kuɗi, ta kuma shafi ɗan kasuwar da ke shirin zuba miliyoyinsa.

INDA SHA'AWAR TA SAMO ASALI

Ba boyayyen abu ba ne cewa masu shirya finafinan Hausa sun sha nonon finafinan Indiya, kuma a can buɗaɗɗiyar mota tsohuwar abokiyar waƙa ce. A fim ɗin Dil Chahta Hai na 2001, wanda Farhan Akhtar ya ba da umarni, Aamir Khan da Saif Ali Khan da Akshaye Khanna sun yi tafiyarsu ta Goa ne a cikin buɗaɗɗiyar Marsandi SL. Shekara goma bayan nan, a Zindagi Na Milegi Dobara na 2011, su Hrithik Roshan suka ratsa ƙasar Sifen da wata tsohuwar Buick ƙirar 1949. Kafin su ma, waɗanda suka kalli wasan Dallas na Amurka a talbijin za su tuna jar SL ɗin da Bobby Ewing ke yawo da ita.

Daraktoci na da dalilinsu na son irin wannan mota, ba kwalliya kaɗai ba. Mota mai rufi duhu gare ta, mai ɗaukar hoto sai ya yi ta fama da haske da ƙyallin gilashi. Idan babu rufi kuwa, hasken rana ya wadata, kyamara na iya ɗaukar fuskar jarumi da jaruma ta kowace kusurwa. Ƙarar iska da za ta ɓata magana ba ta dami sin ɗin waƙa ba, tunda a sutudiyo aka riga aka ɗauki muryar. Abin da mai kallo bai sani ba shi ne, sau da yawa motar ta aro ce ko ta haya, an karɓo ta da safe, kafin magariba an mayar wa mai ita. Wahalar gyaranta ba ta fitowa a fim.

WACE CE SL?

Mercedes-Benz SL ta daɗe tana jan zarenta tun shekarun 1950. Ƙirar da ta fito a fim ɗin su Aamir Khan ita ce wadda aka yi daga 1989 zuwa 2001, mai rufin yadi, wadda aka sa wa wani ƙarfe a bayan kujeru da ke tasowa da kansa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa idan motar za ta kife. Gimbiya Diana ta Ingila ta taɓa hawan irinta, har surutun 'yan ƙasarta ya sa ta mayar da ita a 1992, don ba ƙirar Ingila ba ce.

Wadda ta biyo baya, daga 2001 zuwa 2011, ita ce ta fi ɗaukar ido a tsakanin tsofaffin. Rufinta na ƙarfe ne, yana naɗewa ya shige but cikin daƙiƙa 16. SL500 ta farkon wannan zubin na da inji mai silinda takwas, lita 5, da ƙarfin doki 306. Daga 2012 zuwa 2020 sai aka yi wata mai bodin alminiyam, ta fi sauƙin nauyi, ta kuma rage shan mai. Sabuwar da ake sayarwa tun 2022 kuwa reshen AMG ne ya ƙera ta, kuma abin mamaki, kamfanin ya koma wa rufin yadi, ya ƙara 'yan ƙananan kujeru biyu a baya waɗanda ko yaro sai ya takure.

GA MAI SON SABUWA DAL

Sabuwar SL ba ta da makusa wajen tuƙi. Ɗaya daga cikin manyansu, SL 63, na da ƙarfin doki 585, tayoyinta huɗu duk suna ja, rufin kuma yana buɗewa cikin kamar daƙiƙa 15 ko da motar na tafiya a hankali. Akwai ƙaramarsu, SL 43, mai silinda huɗu. Matsalar dai ita ce farashi. Lokacin da SL 63 ta fito a Amurka a 2022, kuɗinta ya haura dala 170,000. Idan aka lissafa da canjin da aka gani a 2024, lokacin da dala ɗaya ta haura naira 1,500, ana maganar sama da naira miliyan 250 ke nan, tun kafin a biya kuɗin jirgin ruwa da na kwastan. Kuɗin finafinai nawa ke nan a Kano?

Wanda Allah ya hore wa, ya fi masa alheri ya bi ta hannun Weststar Associates, wakilin kamfanin a Nijeriya, don ya samu garanti da kanikawan da ke da kwamfutar duba motar. Sai dai ya sani cewa inda ake irin wannan gyaran yana manyan birane ne. Idan ta tsaya masa tsakanin Zango da Ɓaure, babu zancen a buɗe bonet a taɓa nan a taɓa can. Sai dai a ɗora ta a bayan wata motar.

GA MAI NEMAN TA HANNU

A nan ne ake yin kuka. Tsohuwar SL na iya zuwa da farashin da bai kai na sabuwar ƙaramar mota ba, amma kayan gyaranta ba su san ta tsufa ba. Araha dai ba ta ado. Ga wuraren da ya kamata mai saye ya sa wa ido, musamman a ƙirar 2001 zuwa 2011.

Na farko, rufin. Ba hannu ke ɗaga shi ba, famfo ne da ke cikin but yake tura mai zuwa wasu silindodi. Robobin cikinsu na bushewa da zafi, man ya riƙa ɗiga, wata rana rufin ya tsaya a tsakiya, bai buɗe ba bai rufe ba. Mai saye ya sa a buɗe a rufe a gabansa sau uku ko huɗu a jere, ya saurari ƙara, ya duba ko akwai danshin mai a jikin rufin da cikin but. Daga nan a rufe, a kwarara mata ruwa da tiyo na 'yan mintuna. Idan ruwa ya shiga but, to akwai na'urorin lantarki a ƙasansa da za su lalace. Wanda ya ga ɗiga ya saya duk da haka, ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na biyu, ƙafafun. Manyan SL na wannan zubin ba shakazoba irin ta sauran motoci gare su ba. Wani tsari ne mai suna ABC da ke aiki da matsin mai, shi ke sa motar ta kwanta lif a kwana, har akwai maɓallin ɗaga ta sama kaɗan idan za a hau tudu. Daɗi kam akwai, amma idan famfon ko ƙafa ɗaya ta mutu, kuɗin gyaran kan sa mai ita ya kwantar da motar a gareji. Dabarar ita ce a je ganin motar da sassafe kafin a tayar da ita. Idan an tarar ta karkace gefe guda ko ta durƙusa, a yi sallama da dillali. SL350 mai silinda shida yawanci da sifirin na ƙarfe take zuwa, don haka ta fi sauƙin riƙo.

Na uku, birki. Wannan zubin na amfani da birkin lantarki mai suna SBC, wanda ya jawo wa kamfanin ciwon kai har ya janye motoci kusan miliyan 1.3 a 2005 don a gyara. Famfon birkin na da adadin takawar da aka ƙayyade masa, idan ya cika sai an sauya. Bakanike mai kwamfuta zai iya gano matsayinsa. Ƙirar 2012 zuwa sama ba ta da wannan tsari.

Na huɗu, ƙananan abubuwan da ke taruwa su zama babba. Batir biyu gare ta, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na kayan lantarki. Injin SL500 na farko silinda takwas ne, amma fulogi 16 yake ci. Tankinta lita 80 ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kowa na iya lissafa abin da cika tanki ɗaya zai ci. Kuma injin ba ya son gurɓataccen mai na galan.

MAGANAR TAKARDU

Mutanen Babban Mutum ba sa buƙatar a koya musu harkar iyaka, garinsu ƙofa ce ta zuwa Magarya a jihar Damagaram. Shekaru da dama motocin Kwatano na bi ta Nijar su shigo Arewa. Amma daga 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a watan Agusta na 2019 kuma aka rufe iyakokin baki ɗaya na fiye da shekara guda. A 2022 hukumar kwastan ta fara ƙiyasta duti da lambar shasi, aka kuma rage shekarun tsohuwar motar da za a iya shigowa da ita daga 15 zuwa 12.

Ma'anar wannan ga mai saye a fili take. Duk SL ɗin da aka ƙera kafin 2012 ta wuce wannan ƙa'ida. Saboda haka idan dillali ya ce tasa "sabuwar shigowa" ce, sai a tambaye shi ta ina ta shigo. Ko dai ta daɗe a ƙasar an yi mata wanka da fenti, ko kuma ta biyo ta barauniyar hanya, wata rana a ƙwace ta a shingen kwastan. A karɓi takardun duti a kai ofishin hukumar a tantance kafin a biya ko sisi.

Lambar shasin nan mai harufa da lambobi 17 na da wani amfanin. Da yawa daga cikin motocin da ke zuwa daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin haɗari, wasu kuma ambaliya ce ta cinye su, irin ta guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017. Da wannan lamba ana iya duba tarihin motar a intanet ta shafin Carfax. Motar da lantarki ya yi wa yawa irin SL, idan ta taɓa shan ruwa, ta gama yawo.

RANA, ƘURA DA IDON JAMA'A

Turawa sun ƙera buɗaɗɗiyar mota ne don su sha ranar da suke marmari. A ƙasar Daura kuwa, inda zafin bazara ke haura digiri 40, gudun rana ake yi. Kujerar fata da ta sha rana awa ɗaya ba ta zaunuwa. Da hunturu ƙura na shiga robobi da hanyoyin da rufin ke bi, ta cinye su kamar yashi. Da damina ga fargabar ɗiga. Lokacin jin daɗinta na gaskiya shi ne bayan la'asar da farkon dare, a 'yan watannin da gari ya yi sanyi babu hazo. Rufin ƙarfe ya fi dacewa da nan fiye da na yadi, don ya fi riƙe sanyin kwandishan, kuma ɓarawo ba ya yanka shi da reza.

Sai kuma zancen zama. Kujera biyu ce, babu wurin uwargida da yara, balle gwaggo da ke neman a rage mata hanya. Ko ɗaukar amarya ba ta yi, tunda amarya a lulluɓe take tafiya tsakanin iyayenta mata. Mai babbar riga da hula zanna kuwa, ya riƙe hularsa da kyau. Ga ta da kwanciya ƙasa, kowane rami da tudun rage gudu sai ta gaishe shi da cikinta. Sannan a halin tsaron da jihar Katsina ta sha fama da shi, tafiya a buɗe cikin motar da ke shelar arzikin mai ita abu ne da mai hankali zai auna sau biyu.

TO, WACE ZA A SAYA?

Wanda ke son iska ba tare da hawan jini ba, akwai Toyota Solara mai buɗewa, wadda aka daina yi a 2008. Kujera huɗu gare ta, injinta da yawancin kayanta irin na Camry ne, ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Lexus SC430, daga 2001 zuwa 2010, na da rufin ƙarfe da inji mai juriya. Wanda kuma ya ce shi sai tauraron Marsandi, ya nemi ƙirar 2012 zuwa 2020 mai cikakkun takardu, ya tafi da bakaniken da ya san Marsandi ba na dillali ba, ya ware kuɗin gyara daban tun ranar saye, kuma ya kasance yana da wata motar ta zirga-zirga.

Ga furodusa, haya ta fi saye. Amma a rubuta yarjejeniya kan wanda zai biya idan rufi ya maƙale ko aka goge fenti a lokeshan. Inshorar naira 15,000 da aka koma biya tun Janairun 2023 ɓarnar da aka yi wa wani kawai take biya, ba ta gyara motar da ake ciki. Kuma kada a bar kowa ya yi wasa da maɓallin rufin don a burge 'yan kallo. A bar wa direban mai motar.