Wa Ke Magana da Yawunki a Gaban Hukuma?

  Hirar tamu ta yau a kan wata magana ce da kike yawan ji a labarun rediyo, amma wataƙila ba ki taɓa tsayawa kin yi mata tunani ba. Sai ki ji mai karanta labarai ya ce, gwamnati ta zauna da wakilan ƙungiyoyin mata a kan kasafin kuɗi, ko a kan wata doka da ake shirin yi, kuma wakilan sun nuna goyon bayansu. To ke da kike tsakar gida kina tsince shinkafa ko kina murza ƙuli-ƙuli, ai da yawunki aka ce an yi magana. Wace ce ta tafi? Wa ya aike ta? Me ta faɗa?

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake kiransu. Idan majalisar dokoki, ta jiha ko ta tarayya, tana duba ƙudurin doka, bayan an yi masa karatu na biyu akan miƙa shi ga kwamiti, shi kuma kwamitin yakan sa ranar jin ra'ayin jama'a. Haka ma'aikatu su ma, idan za su fito da wani tsari a kan asibiti ko makaranta, sukan kira taron da ake ce wa na masu ruwa da tsaki. Hukuma ba za ta iya bin gida-gida tana sallama ba, balle ta shiga turakar kowace mace. Sai ta nemi ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba, masu zaman kansu, ta ce su turo mutum ɗaya ko biyu. Abin da waɗannan suka faɗa shi ake rubutawa a matsayin ra'ayin mata. Kin ga kuwa kujerar nan ba ƙaramar kujera ba ce.

A da ma ko kujerar babu. A shekarar 1975, lokacin da Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin rubuta kundin tsarin mulkin ƙasar nan, mutum 49 ne suka yi aikin, kuma duk cikinsu babu mace ko ɗaya. Mu matan Arewa kuwa ko ƙuri'a ba mu fara jefawa ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan neman wannan hakki. Saboda haka idan yau ana ware wa mata wuri a zauren shawara, ba daga sama abin ya faɗo ba.

Hanya mafi sauƙi ga hukuma ita ce ta zaɓa da kanta. Wani jami'i ya buɗe littafin ma'aikata, ya duba sunayen ƙungiyoyin da suka yi rajista, ya kira waɗanda ya sani. Aikin yana sauri, ba gardama. Illarsa ita ce ɗan Adam ba ya son wanda zai faɗa masa abin da ba ya son ji. A hankali sai ki ga fuskokin da ake gayyata ba sa canzawa, su ne a taron lafiya, su ne a taron noma, su ne a taron ilmi, har su zama 'yan amshin Shata. Akwai ma ƙungiyar da ofishinta gaba ɗaya yana cikin jakar hannun shugabarta: hatimi, takarda mai tambari, da lambar waya. Ba mambobi, ba taro, ba zaɓe. Amma sunanta na cikin littafin ma'aikata, don haka wasiƙar gayyata ita take samu.

Ɗaya hanyar ita ce hukuma ta faɗi yawan kujerun, ta bar wa ƙungiyoyin su fitar da mutanensu. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne babban taron ƙasa da Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe a Abuja a watan Maris na 2014, wanda Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi ya shugabanta. Wakilai 492 aka tara. A cikinsu an ware wa ƙungiyoyin mata kujeru 24, kuma ki saurari yadda aka raba su. Majalisar Ƙungiyoyin Mata ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NCWS, aka ba ta 12, wato biyu daga kowace shiyya cikin shiyyoyi shida na ƙasar nan. Matan kasuwa aka ba su 6, ɗaya daga kowace shiyya. Sauran 6 ɗin aka raba su biyu-biyu tsakanin ƙungiyar lauyoyi mata, da ta 'yan jarida mata, da ta mata masu manyan harkokin kasuwanci. Wasu matan sun shiga ta wasu ƙofofin, domin an ce kowace jiha ta turo mutum uku, kuma aƙalla ɗaya ta zama mace. Amma kujerun ƙungiyoyin mata kansu ba su kai biyar cikin ɗari na zauren ba.

To uwargida, sake duba wannan rabon da kyau, ki gaya mini ina taki kujerar take. Lauya tana da tata, 'yar jarida tana da tata, mai rumfa a kasuwa tana da tata. Ke fa? Ke ma fa 'yar kasuwa ce. Kina soya ƙosai, kina saƙa hula, kina ɗinkin kayan yara, kina kiwon awaki a bayan ɗaki, dillaliya tana zagawa da kayanki gida-gida. Kuɗi suna juyawa a hannunki kullum. Sai dai ba ki da rumfa, ba ki da katin ƙungiyar kasuwa, don haka ba ki cikin lissafin. Ba wai wani ya zauna ya ce a cire matan kulle ba ne. Abin da ya faru shi ne ana raba kujera ne ga wanda yake da ƙungiya mai suna, mai shugabanci, wadda za a iya aika wa wasiƙa. Macen da ba ta cikin kowace ƙungiya, muryarta sai in wata ta ga dama ta ɗauko.

Kuma ko da aka ce ƙungiya ta fitar da wakiliyarta, ba a nan zancen ya ƙare ba. Mace biyu ne fa aka ce su tsaya wa shiyyar Arewa maso Yamma, jihohi bakwai cur, daga Sakkwato har Jigawa. Wa ya fitar da su a cikin ƙungiyar? Idan shugabanni uku ne suka kulle ɗaki suka rubuta sunaye, to an gudu ne ba a tsira ba, abin da ake tsoro daga jami'in gwamnati shi aka yi a cikin gida. Ƙungiyoyin da suke da rassa tun daga ƙasa su suka fi damar yin abin yadda ya kamata. FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirarta ta farko, tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi. Jam'iyyar Matan Arewa kuma tun 1963 aka kafa ta a Kaduna. Amfanin reshe shi ne magana ta taso daga unguwa, ta hau ƙaramar hukuma, ta isa jiha. Idan reshen bai zama, sai a lokacin rabon kayan azumi ko atamfar taro, to tsanin ya karye tun daga matakin farko.

Na taɓa zama a wani taro a wani otal, ba zan faɗi garin ba. Wata baiwar Allah ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce ita ce muryar matan karkara, ta yi jawabi mai daɗi da Turanci, aka tafa mata. Da aka fita shan shayi na matsa kusa da ita na ce, Hajiya, da za ki taho, su matan me suka ce ki faɗa? Sai ta yi dariya ta ce ai ta san matsalarsu, ba sai ta tambaye su ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai har na koma gida. Ba na ce muguwa ce ba, mai yiwuwa ma da zuciya ɗaya ta zo. Amma ita ta yi magana a kan jari da bashin banki, alhali da ta leƙa gida biyar kawai da ta ji cewa abin da ke hana mata barci shi ne asibitin unguwa ba ya da ma'aikaciya mace da dare, kuma maigida ba zai yarda namiji ya karɓi haihuwa ba. Wannan maganar ba ta shiga takardar taron ba, don ba wadda ta kawo ta.

Shi ya sa ni a ganina, idan za ku fitar da wakiliya, kada ku fara da tambayar wa ta fi iya Turanci ko wa ta fi shiga mai kyau. Iya karatu yana da amfani, domin za a miƙa mata takardu, kuma ba a so ta sa hannu a abin da ba ta fahimta ba. Idan wadda kuka amince da ita ba ta yi boko mai zurfi ba, a haɗa ta da wata yarinya mai karatu ta raka ta. Abin da ya fi wannan shi ne, tana shiga gidajenku? Za ta iya tsayawa gaban kwamishina ta ce ranka ya daɗe, ba haka abin yake ba, cikin ladabi, ba tare da muryarta ta yi rawa ba? Sannan a duba abin da ke tsakaninta da ma'aikatar da ta kira taron. Macen da take jiran a biya ta kuɗin kwangila a ofishin nan, ko take neman wa ɗanta aiki a wurin, kada ku ɗora mata nauyin da ba za ta iya ba. Ba zargi ba ne, baki ne ba ya iya cin tuwon mutum kuma ya yi masa gardama a lokaci guda.

Sai maganar kuɗin mota da kuɗin zama da akan bayar a irin waɗannan tarurruka. Nan ne zumunci yake yawan ɓaci. Gara tun kafin ta tafi a yi magana a fili: abin da aka ba ta na mota nata ne, in akwai wani abu da aka bayar da sunan ƙungiya a kawo shi gaban kowa. A kuma sa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, sannan a sake zama. Kujerar da ba ta da wa'adi, mai ita takan manta aro aka ba ta.

Kada kuma ki ɗauka duk abin da wakiliya ta faɗa shi za a yi. Shawara ce ake nema, hukunci yana hannun masu mulki. Tsarin da gwamnatin tarayya ta fitar a kan mata a 2006 ya sa burin ba su kashi 35 cikin ɗari na muƙamai. A 2021 majalisar tarayya ta zaga shiyyoyi tana jin ra'ayin jama'a a kan gyaran tsarin mulki, ƙungiyoyin mata suka je suka miƙa takardunsu. Amma ranar 1 ga Maris 2022 'yan majalisa suka ƙi amincewa da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Rahoton taron 2014 shi ma an miƙa shi a watan Agusta na shekarar, mafi yawan abin da ke ciki ba a aiwatar ba. Ko ra'ayinki ya zo ɗaya da waɗancan ƙudurori ko ya saɓa, abin tambaya shi ne, kafin a kai su wani ya tambaye ki?

Yanzu bari mu sauko kusa da gida, inda hannunki zai iya kaiwa. Makarantar firamaren da yaranki ke zuwa ana son ta kasance da kwamitin kula da makaranta, wanda ya haɗa da mai unguwa ko dagaci, da shugaban makaranta, da iyaye, kuma akwai wurin wakilan mata a ciki. Haka asibitin sha-ka-tafi yana aiki da kwamitin ci gaban mazaɓa. Ki tambayi maigida yau bayan cin abincin dare, wace mace ce take zama mana a kwamitin nan? In bai sani ba, ya tambayi mai unguwa gobe a masallaci. Za ki iya tarar da cewa maƙwabciyarki ce, ko kuma sunan wata aka rubuta wadda ita kanta ba ta san an rubuta ba.

Ba sai kin fita taro ba kafin a ji ta bakinki. Ai kuna haɗuwa a Islamiyyar matan aure, kuna haɗuwa ranar kwasar adashi, kuna haɗuwa a suna da biki. Waɗannan ma ƙungiyoyi ne, rajista kawai suka rasa, kuma ana iya yin ta a sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko a ma'aikatar mata ta jiha. Idan an ji labarin za a yi zama, ku ware minti goma bayan an tashi daga karatu. Ku tsai da magana biyu ko uku kawai, kada ku cika mata kaya. Wata ta rubuta a takarda, da boko ko da ajami, a yi kwafi biyu, ɗaya ta tafi da shi, ɗaya ya zauna wurin malama ko uwar adashi. Wadda ba ta samu fitowa ba ta aiko da saƙon murya ta waya, ko ta faɗa wa ungozoma ko dillaliya, tunda su kullum suna kan hanya.

Idan ta dawo, a ba ta mako guda ta huta, sannan a zauna. A ɗauko kwafin da aka ajiye, a karanta magana ta farko, a ce Yaya, wannan kin faɗe ta? Wa ya amsa miki, kuma me ya ce? In an yi alkawari, a rubuta sunan ofishin da watan da aka ambata a bayan takardar nan, a mayar wa malama ta adana har lokacin ya yi.