Wa'azin Ɗalibai A Manyan Makarantu: Darasi Daga Japan Zuwa Kaduna

Duk shekara idan aka yi dogon hutu, wasu ɗalibai Kirista daga Amurka da Koriya ta Kudu sukan nemi gudummawar majami'unsu, su tafi ƙasar Japan na 'yan makonni domin yin bishara a jami'o'in Tokyo da Kyoto da Osaka. Galibinsu ba su jin Japananci. Saboda haka sukan fara da hira da Turanci a ɗakin cin abinci, su ƙulla abota, sannan su gayyaci wanda ya saki jiki zuwa karatun Littafi Mai Tsarki. A ƙarshe su komo gida da hotuna da adireshi masu yawa, amma waɗanda suka karɓi kiran ba su taka kara sun karya ba, domin har yau Kirista ba su wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasar ba.

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan mazaunin Unguwar Rimi da abin da ke faruwa a Tokyo? Amsa ita ce, a nan unguwar tamu akwai reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga kuma Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 a kan titin Tafawa Balewa, gab da mu. Kullum dubban matasa, Musulmi da Kirista, suna shiga suna fita, kuma a cikinsu akwai masu ganin cewa kiran abokin karatu zuwa ga abin da suka gaskata farilla ne a kansu. A matsayina na ɗalibin ilimin harsuna, ina ganin tarihin bishara a Japan yana ɗauke da darasin da ya shafi harshe, wanda mu muka fi Japanawa buƙatarsa.

A 1549 ne Faransis Zabiya, wani limamin Katolika, ya sauka a Kagoshima tare da tafintansa Anjiro. Da ya nemi kalmar da zai kira Mahalicci da ita, sai tafinta ya ba shi "Dainichi". Ya yi ta wa'azi da ita, limaman addinin Buddha na ɗariƙar Shingon suna yi masa maraba. Ashe sunan babban abin girmamawarsu ne, su kuwa sun ɗauka wani reshe ne na addininsu ya zo daga Indiya. Da ya farga, sai ya koma ga kalmar Latin, "Deus", wadda a bakin Japanawa ta zama "Deusu". Nan ma ba a tsira ba, domin masu adawa sun riƙa yi mata ba'a da cewa ta yi kama da "dai uso", wato babbar ƙarya. Har gobe matsalar ba ta ƙare ba. Kalmar "kami" da ake amfani da ita yanzu ita ce kuma sunan ɗimbin abubuwan bauta na addinin Shinto, kalmar "tsumi" da ake fassara zunubi da ita kuwa tana nufin laifi irin na kotu. Ɗalibin da ya ce wa takwaransa Bajapane "kai mai zunubi ne", kamar ya ce masa "kai mai laifi ne da ya kamata 'yan sanda su kama".

Duk da haka an yi zamanin da bishara ta kama a makarantun Japan, bayan an ɗage haramcin da aka yi wa Kiristanci daga 1614 zuwa 1873. Wani Ba'amurke mai suna Wiliyam Kilak ya koyar a Kwalejin Aikin Gona ta Sapporo na kimanin wata 8 kacal, tsakanin 1876 da 1877, amma ya bar ɗalibai da suka karɓi addininsa, su kuma suka jawo na bayansu, ciki har da Uchimura Kanzo da Nitobe Inazo, waɗanda suka zama manyan masana. Abin da ake tuna shi da shi, zaman da ya yi da ɗalibansa ne, a aji da gona da tafiye-tafiye. A wani gefen kuma, tun bayan da ƙungiyar Aum Shinrikyo, wadda ta ɗebi mabiya daga manyan jami'o'i, ta saki iskar guba a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a Maris 1995, jami'o'i da dama ke gargaɗin sababbin ɗalibai game da ƙungiyoyin addini masu ɓoye manufarsu a bayan kulob na wasanni ko koyon harshe. Wato Bajapane ba ya faɗa da mai wa'azi, amma da zarar ya gano an yaudare shi, ya rufe ƙofa ke nan.

To, mu dawo gida. Halin da muke ciki kishiyar na Japan ne. Lokacin da Dokta Walta Mila na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kafin mishan ɗin ta koma Wusasa a 1929, bai sha wahalar da Zabiya ya sha ba. Ya tarar da harshen da malamai suka daɗe da ƙosar da shi da kalmomin Larabci. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Mila ya taka babbar rawa wajen fassararsa, ya ɗauki Allah da annabi da mala'ika da addu'a da zunubi da tuba da Almasihu, kai har ita kanta kalmar bishara daga Larabci take. Yau idan ka wuce ta gaban majami'ar ECWA ranar Lahadi, ka wuce ta gaban masallaci ranar Juma'a, kalmomi iri ɗaya za ka ji suna tashi daga lasifika. A Malesiya sai da aka yi shekaru ana shari'a a kan ko jaridar Katolika tana da ikon rubuta kalmar Allah. Mu a nan, alhamdu lillahi, wannan bai zama abin kai ƙara ba.

Wannan ni'ima ce, sai dai kash, a cikinta haɗarin yake. Mai wa'azi a Japan matsalarsa ba a gane abin da yake faɗa. Namu kuwa ana gane kowace kalma, alhali ma'anar da ya sa mata daban take da wadda mai sauraro ya gada. Musulmi da Kirista duk suna cewa Almasihu, amma abin da kowane yake nufi ya sha bamban, kuma a daidai wurin bambancin ne imanin kowane ya tsaya. Masana ilimin harsuna sun daɗe da nuna cewa magana aiki ce: da ita ake ɗaura aure, da ita ake saki, da ita ake rantsuwa. Mutumin da ya ce "ga abin da na gaskata" shaida ya bayar. Wanda ya ɗauko littafin wani ya ce "ga abin da littafinku yake nufi" a bainar jama'a, ta lasifika, wani aikin ya yi daban, ko da kuwa nufinsa alheri ne.

Jihar Kaduna ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. A ranar 6 ga Maris 1987, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS ta shirya taron bishara a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ta gayyato Rabaran Abubakar Bako, wanda a da Musulmi ne. A cikin wa'azinsa ya kawo ayoyin Alƙur'ani yana yi musu fassarar da ɗalibai Musulmi suka ɗauka cin zarafi ne. Gardama ta zama doke-doke, doke-doke ya fita gari, cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. An yi asarar rayuka, an ƙona majami'u fiye da 100 da masallatai, har Janar Babangida ya kwatanta lamarin da yunƙurin juyin mulki na farar hula. Ba na kawo wannan don in raba laifi ba. Babu wata magana, komai ɗacinta, da ta halatta ƙona wurin ibadar mutumin Funtuwa da bai san an yi ta ba. Na kawo shi ne don a ga cewa daga filin makaranta abin ya faro.

Bayan rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayu 2000, wanda ya ci rayuka fiye da 1,000, da na Nuwamba 2002, kogin Kaduna ya zama iyaka. Kirista da yawa sun koma Sabon Tasha da Narayi da Talabijin, Musulmi da yawa sun tattaro Tudun Wada da Rigasa da sauran unguwannin arewa. Yaran da aka haifa bayan haka yanzu su ne a manyan makarantu, kuma da yawansu a aji ne suka fara zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Idan zama ya lalace a nan, ina kuma ya rage?

Wasu na ganin mafita ita ce a hana wa'azi a makarantu ɗungurungum. Ban yarda da haka ba. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yaɗa addininsa. Ƙungiyar MSS tun 1954 take, FCS tun 1957, NIFES tun 1968, kuma sun yaye mutanen kirki da ƙasar nan ke alfahari da su. Abin da ake buƙata ladabin harshe ne, kuma abubuwa uku nake gani.

Na farko, mai wa'azi ya tsaya ga bayyana nasa, ya bar wa kowa fassarar littafinsa. Muhawara tana da wurinta, a tsakanin masana da suka amince su zauna, ba a bakin ɗakin kwanan ɗalibai da dare ba. Na biyu, a auna kalma da kunnen mai ji. Kalmar "crusade" da ake rubutawa a allunan taron farkawa, a kunnen Musulmi yaƙin 'yan Salibi take tunatarwa. Ita kanta babbar ƙungiyar bisharar jami'o'i ta Amurka da ke ɗauke da kalmar a sunanta ta sanar da komawa Cru a 2011. Haka kalmar jihadi, wadda ɗan MSS zai iya nufin yaƙi da son zuciya da ita, a kunnen ɗan Kudancin Kaduna hare-haren kamun bayi na ƙarni na 19 take farkarwa. Arne da kafiri da ɓatacce kuwa, duk wanda aka jefa da su ya daina sauraro. Na uku, a faɗi gaskiya tun farko. Wanda ya gayyaci abokinsa bitar darasi alhali wa'azi ya shirya masa, ya ci amanar abota.

Mai sauraro ma yana da nasa nauyin. Ɗalibin Japan da ba ya so, yakan sunkuyar da kai ya yi godiya ya wuce. Mu ma muna da irin wannan a al'adarmu: "na gode, ina da nawa" ta isa. Littattafan addinan biyu sun yi umarni da kira cikin hikima da tawali'u, kuma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa jagorantar matasa a fagen faɗa, sun nuna tun 1995 a nan Kaduna cewa ana iya zama tare ba tare da kowa ya sayar da aƙidarsa ba.

Ina kira ga shugabannin manyan makarantunmu da su riƙa zaunar da jagororin waɗannan ƙungiyoyi a farkon kowane zangon karatu, su amince da ƙa'idojin lokaci da wuri da lasifika da baƙin masu wa'azi, tun kafin a ji kansu. Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya, kuma magana zarar bunu ce. Harshen da ya haɗa mu amana ne a hannun kowa. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, amin.