Ƙaguwar da ke aron gida: yadda ake gane ta a gaɓar tekun arewacin Turai

Idan ruwan teku ya janye a gaɓar Faransa, Ingila ko Norwai, akan ga katantanwa tana tafiya da sauri bisa rairayi. Mai gidan na asali ya mutu tuntuni. Wadda ke ciki wata ƙaramar ƙaguwa ce da Faransawa ke kira bernard-l'ermite. Cikinta ba shi da ɓawo mai tauri, shi ya sa take shiga katantanwar da babu kowa. In ta girma gidan ya yi mata kaɗan, sai ta nemi wani.

Masana sukan fara duba hannuwanta biyu masu kama da awartaki. Wadda ta fi yawa a wannan yanki ita ce Pagurus bernhardus, da masanin nan na Suwidin, Linne, ya bayyana a shekara ta 1758. Ana samun ta daga Aisilan da Norwai har Fotugal. Hannunta na dama ya fi na hagu girma, launinsa ja-ja ne, yana da ƙananan ƙuraje, kuma da shi take toshe ƙofa idan ta ji haɗari.

Idan kuwa na hagu ne babba, to galibi Diogenes pugilator ce, ƴar ƙarama mai son wuri mai yashi.

Abu na biyu shi ne abin da ke manne a jikin gidan. Pagurus prideaux kusan kullum tana tare da wata dabba mai kama da fure, mai ɗigo-ɗigo ruwan hoda, wadda ke lulluɓe katantanwar. Dabbar tana kare ta da harbinta, ita kuma tana cin ragowar abincin ƙaguwar.

Katantanwar kanta ba ta isa shaida ba, domin iri ɗaya na iya zama a gidaje daban-daban gwargwadon girmansa.

Sanin waɗannan bambance-bambance yana taimaka wa masu lura da lafiyar teku. A shekara ta 2020, masu bincike a jami'ar Queen's ta Belfas sun nuna cewa Pagurus bernhardus da ta zauna cikin ruwa mai ɓarɓashin roba ba ta cika komawa gidan da ya fi dacewa da ita ba. Ƙaguwar da ke cikin gidan da ya yi mata kaɗan kuwa girmanta yakan ragu, kuma ta fi sauƙin faɗawa bakin maƙiya.