Dala Biyar Ce: Darasin Kasuwa Ga Masu Koyon Harshen Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Malanbil ya san Bahaushe ba ya cewa sefa 100, sai dai ya ce dala ashirin. Daga nan har Gaya, ƙetaren gada, kowa ya san dala biyar ce, jaka kuwa dubu. Iyayenmu sun raɗa wa adadi suna, suka huta da gardama. To, jama'a masu karatu, wannan dabarar ce nake so matasanmu masu koyon rubuta wa kwamfuta umarni su riƙe da kyau.

Wani tsohon ɗalibina ya rubuta wa kawunsa, mai fataucin albasa, ɗan tsarin lissafin kuɗi. Sai ya sa farashin canjin naira da lamba tsirara a wurare da dama. Ranar da canji ya motsa, ya gyara wasu ya mance ɗaya, lissafi ya ƙi daidaita, har kawu ya fara zargin yaron shagonsa. Saura kaɗan a kori marar laifi saboda lamba guda.

Da ya kawo mini kuka, muka duba yadda ake yi a harshen Erlang, wanda Joe Armstrong da abokan aikinsa suka soma ƙirƙira a kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin a 1986, kuma da shi aka gina injunan da ke kai saƙonnin WhatsApp. Yana cikin harsunan da aka gina bisa tsarin lissafi: ka ba da abu, a maido maka da amsa, kuma in ka ɗora wa harafi adadi, ba ka sake masa wani.

Dabara ta farko ita ce tsayayyen adadi mai suna. A kan takarda ake rubuta:

-define(DALA, 5).

Daga nan duk inda ake bukatar biyar ɗin sai a sa ?DALA. Mai karatu ya san wace biyar ake nufi, in gyara ya zo kuma wuri ɗaya za a taɓa. Kada wani ya ce abin da ya tsaya ba ya motsi. Tun 1960 faran ɗaya na Faransa sefa 50 yake, sai ga shi a watan Janairu 1994 an wayi gari ya koma 100. Ina ɗalibi a lokacin, ban manta yadda kaya suka yi tsada ba. A 1999 kuma aka ɗaure sefa da yuro, kowane yuro sefa 655 da ɗigo 957. Irin wannan adadi shi ya cancanci suna. Canjin naira kuwa, da ke hawa da sauka, bai kamata a kafe shi ba sam. A bari mai shago ya shigar da shi kowace safiya.

Ta biyu ita ce makaro, wato gajeren suna da ke tsaya wa dogon zance. Kafin kwamfuta ta fara aiki, sai ta cire sunan ta dasa zancen a gurbinsa, ba tare da ta duba ma'ana ba. Nan tarkon yake. A ce an rubuta:

-define(SEFA(D), D * 5).

In aka ba shi 2 + 3, zai zama 2 + 3 * 5. Kowane ɗan firamare ya san ninkawa ke riga tarawa, don haka 17 za ta fito maimakon 25. Maganin shi ne a kewaye D da baka biyu. In abin ya yi tsawo, gara a bar makaro a rubuta cikakken aikin lissafi.

Ta uku ita ce ƙidayayyen jerin sunaye. Maimakon a ce 1 na nufin sefa, 2 naira, 3 yuro, a bar wa ƙwaƙwalwa wahalar tunawa, sai a kira kowane da sunansa. Erlang na yarda a rubuta sefa ko naira kai tsaye da ƙananan haruffa. Harshen OCaml, wanda ya fito daga cibiyar bincike ta INRIA a Faransa a 1996, ya ƙara da wani alheri:

type kudi = Sefa | Naira | Yuro

In ka tsara abin da za a yi da sefa da yuro ka mance naira, shi da kansa zai gargaɗe ka tun kuɗin mutane ba su shiga ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana malamai, mu saba wa yara rubuta sunan kowane adadi tun a allo: buhu nawa, dala nawa, na wane ne. Ku kuma matasa, ku tuna dukiyar wani ce ke bi ta cikin abin da kuka rubuta, rigakafi kuwa ya fi magani. Ɗalibin nawa ya gyara aikinsa, ya je ya ba yaron shago haƙuri. Allah ya sa mu dace, amin.