Me Ya Sa Fayil Ke Maƙalewa a Katangar Tsaro?

Duk wanda ke ɗora shafin intanet a kan sabar, ko yake aika bayanan ofis ta hanyar FTP, ya san wannan ciwon kai. Manhaja ta karɓi suna, ta karɓi kalmar sirri, ta ce an shiga, sai ta tsaya cak. Jerin fayiloli ya ƙi fitowa, can an jima ta ce lokaci ya ƙure. Wasu sukan ce ai sabis ne babu kyau, wasu kuma su kashe katangar tsaro ɗungurungum su ga ko abin zai tafi. Alhali tushen matsalar yana cikin yadda aka gina FTP ɗin kansa.

FTP tsohon hannu ne. Abhay Bhushan na jami'ar MIT a Amurka ya rubuta ƙa'idarsa ta farko a 1971, sannan a 1985 Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da takardar RFC 959, wadda har yau ita ake bi. A wancan zamani kwamfutocin da ke haɗe kaɗan ne, galibi na jami'o'i da cibiyoyin bincike, kowace da adireshinta, kuma ba a ɗari-ɗari da juna. A cikin wannan yanayi aka tsara shi da layi biyu. Na farko layin umarni ne, a ƙofa mai lamba 21, nan ake gaisawa, a ba da suna da kalmar sirri, a faɗi abin da ake so. Na biyu layin kaya ne, kuma sabo ake buɗewa duk lokacin da za a tura fayil, kai ko da jerin sunayen fayiloli ne kawai. Saboda haka shiga lafiya ba ta tabbatar da komai sai cewa layin farko yana aiki.

A tsarin asali, kwamfutarka ce ke aika umarnin PORT, tana cewa ga adireshina, ga ƙofar da na buɗe, sai sabar ta taso daga ƙofarta ta 20 ta same ka. Nan katanga ke shiga tsakani. Aikinta kamar na maigadi ne: ɗan gida in ya fita saƙo yana barinsa ya dawo, amma baƙon da ya ƙwanƙwasa daga waje bai san da zuwansa ba, sai ya hana shi. Ga kuma wata: yawancinmu muna bayan rauta ne, da adireshin cikin gida irin wanda ke farawa da 192.168 ko 10, waɗanda aka keɓe tun 1994 don amfanin ciki kaɗai. Idan manhaja ta miƙa wa sabar irin wannan adireshi, ta tura ta inda ba za ta taɓa isa ba. Masu hawa intanet ta layin waya abin ya fi yi musu tsanani, domin kamfanonin waya sukan haɗa dimbin masu amfani a kan adireshi guda, kuma ba ka da ikon buɗe wata ƙofa a na'urarsu.

Tun 1994 Steve Bellovin ya ba da shawara a takardar RFC 1579 cewa a koma ga umarnin PASV, inda ake juya lamarin: sabar ce za ta buɗe ƙofa ta jira, kai kuma ka je ka same ta. Manhajoji irin su FileZilla da WinSCP da wannan tsarin suke farawa. Sai dai nauyin ya koma kan mai sabar. Dole ya keɓe jerin ƙofofi, misali daga 50000 zuwa 50100, ya rubuta su a cikin saitin sabar, sannan ya buɗe su daidai wa daida a katangarsa. In sabar ɗin ma tana bayan rauta, wajibi ne a sanar da ita adireshinta na waje, in ba haka ba na ciki za ta riƙa bayarwa.

Gano inda gizo ke saƙar ba ya buƙatar malamin duba. Kowace manhajar FTP tana nuna hirar da take yi da sabar, kuma lambobin amsa suna faɗin gaskiya. In ba a ga 220 ba, wato gaisuwar sabar, to ko ƙofa ta 21 ba a isa ba, sai a duba adireshi da katanga. In an ga 530, an isa amma suna ko kalmar sirri ba daidai ba, katanga ba ta da laifi. In an ga 230, wato an shiga, sannan 425 ta biyo baya ko aka yi shiru, layin kaya ne ya gaza. Amsar 227 kuwa, wadda sabar ke bayarwa ga umarnin PASV, ita ce mai tona asiri, domin tana zuwa da lambobi shida: huɗun farko adireshi ne, biyun ƙarshe ƙofa. A ninka ta biyar sau 256, a haɗa da ta shida. In aka ga 192,168,1,10,195,80, ƙofar ita ce 50000, adireshin kuma na cikin gida ne, ke nan mai sabar ne zai gyara saitinsa. Umarnin EPSV da aka ƙaro a 1998 yana rage wannan ruɗani, tunda lambar ƙofa kaɗai yake bayarwa.

Akwai wani tarko da ke kama har ƙwararru. Katangogi da dama suna leƙa layin umarni, su karanta lambar ƙofar da aka ambata, su buɗe ta na ɗan lokaci. Da zarar an kunna TLS, mai kulle hirar, don kare kalmar sirri, katanga ta daina ganin abin da ake faɗa, sai haɗin da ke aiki jiya ya tsaya yau. Cire TLS ba mafita ba ce, domin FTP tsura a fili yake tura kalmar sirri. Mafita ita ce buɗe jerin ƙofofin nan da hannu. Haka kuma babban fayil kan tafi har ƙarshe amma manhaja ta ce an samu matsala. Dalili shi ne layin umarni ya daɗe shiru yayin da kaya ke wucewa, katanga ta ɗauka an bar shi, ta yanke. Ana magance wannan da ƙara wa'adin jira a katanga, ko kunna saƙon da manhaja ke aikawa don nuna layi na raye.

Duniya dai ta fara juya wa FTP baya. A 2021 Chrome da Firefox duk suka cire shi. SFTP, wanda ke tafiya a kan SSH ɗin da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finlan a 1995, layi ɗaya yake amfani da shi, a ƙofa ta 22, umarni da kaya duk a kulle. Duk da kamannin suna, ba jinsi ɗaya ba ne da FTPS, wanda shi FTP ne da aka yi wa TLS, yana nan da layukansa biyu da rigimarsu.

Don haka mai kula da kwamfutocin ofis ko makaranta, kafin ka taɓa katanga, karanta lambobin amsa ka tantance wane layi ne ya tsaya. Kada ka rushe tsaron gida saboda fayil ɗaya. In kuma kamfanin da ke ajiye maka shafi yana ba da SFTP, ka koma kansa tun yau.